Marayun Cikin Kwamfuta

Wata huɗu Injiniya ta yi tana gina ƙauye a cikin kwamfutar ofishin nazarin jama'a. Mutum dubu goma ta zuba a ciki, kowa da shekarunsa da gonarsa da yawan bakin da yake ciyarwa. Ta kafa musu ƙa'ida ɗaya: duk wanda gonarsa ta gaza shekara biyu a jere, ya tattara ya koma birni.

Da ta gwada su da farin da aka yi shekara goma sha biyu baya, ƙauyen ya watse kaf. Amma a takardun ƙidaya na gaskiya, kashi ashirin da uku cikin ɗari ne kawai suka tashi.

"Ki ɗan murɗa lambobin su dace mana," in ji shugaban sashe daga bakin ƙofa. "Alhamis ake son rahoton."

"Yallaɓai, in na murɗa zai dace da jiya, gobe kuma ya shara mana ƙarya. A ba ni sati biyu."

Ya ba ta ɗaya, yana gunaguni.

Washegari ta hau mota zuwa ƙauye wurin goggonta, wadda farin ya same ta a gida kuma ya bar ta a gida. Ta tarar da ita tana gyaran ƙofar akurki.

"Goggo, me ya hana ku tashi a shekarar nan?"

"Mu tashi mu sauka a kan wa?" Ta miƙa mata ƙusoshi ta riƙe. "Kawunki muka tura shi kaɗai. Sai da ya samu ɗaki sannan ya kira ƙaninsa. Ni kuwa surukata na kwance, wa zan bar wa ita?"

"Mutanena na kwamfuta ba su da suruka."

"Ashe marayu kika tara."

Gida talatin da ɗaya Injiniya ta shiga cikin kwana uku, har muryarta ta dushe. Da ta dawo ta yi wa kowane mutum dangi: mai jinya ba ya tashi, sauran ma sai wani nasu ya riga su gaba. Gwajin farko bayan haka ya ba da kashi arba'in. Ta gano ta bar tsofaffi suna tafiya su kaɗai, ta gyara. Ya sauko ashirin da bakwai.

A shafin farko na rahoton ta rubuta ratar da ta rage, ba ta ɓoye ba. Shugaban ya karanta, ya ɗaga kai.

"Kashi huɗun nan fa?"

"Ban san abin da ya riƙe su ba tukuna. Ƙarshen wata zan koma, ƙauyukan ƙetaren rafi ban shiga ba."

Ta ajiye masa takardar neman mota. Ya daɗe yana juya biro, sannan ya sa hannu.