Kwalbar 'Yar Gida

Ranar Talatar da takalmin Auta ya ƙi shiga ƙafarta, ranar zaman ritayata cikin littattafai ya ƙare.

Tana bakin gado tana dariya, wai ƙiba ce ta fara mata daga ƙasa. Na danna yatsa a ƙaurinta, na ɗauke, ramin ya zauna. Haka ƙafar mahaifiyarta ta fara shekara tara da suka wuce, kafin ciwon ƙoda ya kai ta kabari.

"Baba, jiya fa na je asibiti. Sun ce sanyi ne, ga magani."

Ta miƙo mini takardar gwajin fitsari. Shekara talatin da ɗaya na yi a ɗakin gwajin asibitin nan, idona a kan madubin ganin ƙwayoyi, don haka ban fara da sakamako ba, kusurwar sama na duba. An karɓa ƙarfe takwas da kwata. An duba uku saura. A tsakiya an rubuta: ba a ga komai ba.

To me za a gani? Idan ƙoda ta ji ciwo, takan zubo wasu 'yan guntaye kamar yankakken zare, cike da ƙwayoyin jini. Su ne shaidar. Ka bar kwalba awa biyu a ɗaki mai zafi, sun narke, sai ka duba ka ga fili fetal, ka sa hannu, ka tafi cin abinci.

"Ɗauko mayafinki."

"Ina da aji ƙarfe goma."

"Ɗalibanki za su iya riƙe jahilcinsu zuwa gobe."

Ɗakin gwajin yana nan yadda na bar shi: warin sinadari, fanka mai kuka, kwalabe jere a kan tire. Shugabar ɗakin ta yanzu, ni na koya mata riƙe gilashi ba tare da ta bar masa zanen yatsa ba.

"A'a, Malam! Yau littattafan sun sake ka?"

"Sun ba ni hutun rabin yini. Me ya sa wannan ta kai uku saura?"

Ta dubi takardar, ta dubi Auta. "Ai 'yar gida ce. Na gida ƙarshen layi, kada a ce mun yi son kai. Kai ka kafa dokar, Malam. Ga ta can."

Tana can kuwa, manne a bango, da rubutun hannuna, ta yi ruwan ƙasa.

"Dokar banza ce."

"Shekara ashirin muna bin ta."

"Ni ma na daɗe, kin ga na gyaru? Sabon fitsari nake so, a juya shi yanzu, a duba yanzu."

"Kwalba arba'in ke jirana. Kuma ka san ba ka da izinin taɓa madubi."

"Ba zan taɓa ba. Ke za ki duba. Ni tsayuwa kawai zan yi a kanki, kamar da."

"Wannan ai ya fi muni," in ji ta, amma ta ɗauko sabuwar kwalba.

Auta ta fito daga banɗaki da kwalbar naɗe a takarda, fuska a murtuke. "Baba, duk faɗin asibitin nan ka rasa inda za ka tsaya sai bakin ƙofa?"

"Da ɗuminsa nake so. Kawo."

Aka saka a injin juyawa, minti biyar. Na ƙirga su a agogona. Shugabar ta tsiyaye ruwan sama, ta ɗiga abin da ya kwanta a kan gilashi, ta rufe da siririn murfi.

"Rage haske."

"Na sani, Malam."

"Bi gefen murfin, can suke taruwa."

"Malam, don Allah."

Yatsunta suna murza madubin a hankali, a hankali, sai suka tsaya. Ta zame daga kan kujerar, ta bar mini, izinin ma ta manta da shi.

Ga guntayen nan, guda uku ne a wuri ɗaya, jajaye, kwance kamar an jera su.

Ita da kanta ta kira likitan ƙoda. Tana riƙe da wayar ta miƙa hannu ta ɓanɓare takardar bangon. Kafin azahar likitan ya ga Auta, ya sa a ɗebi jini, ya ce an zo da wuri, akwai abin yi. Ban yi masa godiya mai yawa ba, aikinsa ne.

Muna zaune a bencin jira Auta ta jingina kai a kafaɗata. "Da Mama ta samu wanda ya tsaya mata haka."

Na ce mata ta ɗora ƙafarta a kan jakata.

Mahaifiyarta ta ba ni tata kwalbar wata safiya ƙarfe bakwai, na kai ta da hannuna, na duba ƙarfe huɗu. Na dawo gida na ce ba komai, ta rage gishiri. Wata goma sha huɗu ta yi bayan nan. Na zauna gefen gadonta na karanta mata littafi bayan littafi, na yi mata surutun duniya, ban da wannan: ba ƙaddara kaɗai ba ce, uwargida, ni na ajiye ki a ƙarshen layi.