Wayar Ɗakin Inna

Motar ba ta gama fita daga Tourou, a bakin Parakou, ba Rabi'a ta sake kiran Inna. Ta maƙale wayar tsakanin kunne da kafaɗa, don hannuwanta biyu suna rungume da naɗin kebul ɗin da ta ɗora a cinya. Matar da ke gefenta sai tsaki take ja, wai abin yana sokin ta a haƙarƙari. Rabi'a ko kallonta ba ta yi ba.

"Inna, ga ni a hanya. Maginin ya zo?"

"Ya zo tun hantsi, yana can yana tankaɗe yashi," in ji tsohuwar daga Djougou, murya ƙasa-ƙasa. "Sun ja igiya daga zaure har bakin rijiya."

"Ki ce masa ya dakata."

"Ni zan ce? Ai ba ni na kira shi ba."

Katanga za a gina a tsakiyar gidansu. Gidan da kakanninsu fatake suka gina da ribar goro, wanda a da ayari guda ke sauke kaya a tsakar gidansa, shi ne yau yayyenta biyu, Awalu da Tahir, za su tsaga biyu. Ba a kan gado ba, ba a kan fili ba. A kan intanet. Wallahi da gidan wasu ne aka ba Rabi'a labari, da sai ta yi dariya har ta riƙe ciki. To, nasu ne, shi ya sa tun jiya zuciyarta ke tafasa. Igiyar da aka ja ta bi daidai ta ƙofar ɗakin Inna. In katangar ta tashi, tsohuwa za ta faɗa ɓangaren ɗa guda, sai ta zagaya ta titi da sandarta kafin ta ga sauran jikokinta.

Rabi'a tana da ɗan shago a Parakou inda ɗalibai ke buga takardu da shiga intanet. Da ta gaji da jiran masu gyaran da kullum suna hanya, sai ta koyi haɗa wayoyinta da kanta. Da sassafen nan ta rufe shagon, ta kwaso kebul da filayar matse kan waya, ta ce wa mijinta ba za ta dawo ba sai ta ga ƙarshen wannan shirme.

Bayan azahar mai babur ya sauke ta a ƙofar gida. Ga bulo nan an jibge a tsakar gida, ga magini Jatau tsugune yana kwaɓa siminti. Ta gaishe shi a daƙile, ta tsallake igiyar, ta shiga ɗakin uwarta. Inna ta rame. Rabi'a ta ji ƙwalla na neman zubo mata, ta haɗiye.

"Kin yi musu magana kuwa?"

"Na yi wa Tahir. Ya ce in yi wa wancan."

Wancan ɗin shi ne Awalu. Ɗan fari ne, kuma tun da Inna ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta taɓa kallon idonsa ta yi masa faɗa ba. Kunyar ɗan fari ce irin ta mutanen da. Lokacin da Baba ke raye shi ke isar da saƙo. Yanzu babu Baba, kunyar ta zauna daram, Awalu kuwa ya saba babu mai ce masa bari.

Rabi'a ta fara da Tahir, wanda ke sayar da kayan gyaran babura, kuma ta kwamfuta yake yin odarsa. Ta same shi fuska kamar hadari.

"Kullum da asuba sai ya yanke mini," ya ce. "In tashi in tarar babu komai. Yini guda ina zaune kamar maraya, shi kuwa ina jin sa yana ta dariya da mutanen Cotonou."

Awalu kuma, da ta durƙusa ta gaishe shi a sashensa, tsakanin buhunan kashu, kusan maganar ɗaya ce.

"Da zarar an ɗauke wuta an dawo da ita, shi ke nan, nawa ya mutu. Lokacin kashu ne, masu saye suna jiran hotuna da farashi. Yaron nan ya san abin da yake taɓawa. Na goye shi a bayana, yau shi ke rufe mini ƙofar abinci."

Yaron da ake magana ya haura arba'in, furfura ta fara fito masa a gemu. Rabi'a ta ce, "Yaya, ka ba ni izini in duba."

"Duba mana. Ido ne naki."

Ta bi waya tun daga zaure, inda kebul ɗin kamfani ya shigo ya shiga modem, akwatin da ke karɓar intanet. Bangon gidan irin na da ne, ƙasa ce mai kauri da ba ta barin wifi ya ratsa, dole sai an ja waya zuwa kowane sashe. Daga modem, waya ta miƙe zuwa sashen Awalu, ta shiga suwic ɗinsa, wani dogon akwati mai ramuka da yawa da ya sayo a Lome. Daga suwic ɗin ne waya ɗaya ta shiga kwamfutarsa, ɗaya ta tsallaka tsakar gida zuwa rutar Tahir, 'yar fara mai ƙahoni biyu. Rabi'a ta tsaya, ta dafe goshi.

"Yaya, haka mutumin kamfani ya haɗa?"

Awalu ya gyara hula. "Shi ya kai ta ɗakin Tahir tukuna, sannan ta zo mini. Da ya tafi na gyara. A gidan nan ko kan rago aka dafa, ina yake fara zuwa?"

Ashe nan gizo ke saƙar. Ta zauna a bakin buhu ta yi masa bayani a hankali, cikin ladabi, don ta san halin kayanta. Modem kwano ɗaya tak yake miƙowa. Ruta ce mai rabo, ita ke karɓar kwanon ta zuba wa kowa nasa. Suwic bai iya rabo ba, ramuka kawai yake ƙarawa. In aka sa shi a gaba, duk wanda ya riga miƙa hannu shi ke ɗauke kwanon gaba ɗaya. Awalu yana kashe komai in zai kwanta, da asuba ya kunna, kwamfutarsa ta riga. In an ɗauke wuta an dawo da ita, rutar Tahir ce ke riga farkawa. Babu wanda ya yanke wa wani.

Awalu ya saurara har ƙarshe, ya gyaɗa kai. Ya gane sarai, ba wawa ba ne.

"To, sai me?"

"Sai a mayar da ruta gaba, suwic ya bi bayanta."

"Wato in sha daga hannun Tahir."

"Yaya, akwati ne fa."

"Akwatin wa?"

Rabi'a ta sauya dabara. Ta ce za ta kawo wata rutar daga Parakou gobe, ta zama tasa. Ya ce gobe katanga ta kai ƙugu, kuma in ya sa tasa a gaba Tahir ne zai ce ba zai sha daga hannunsa ba. A nan kam ya yi gaskiya. Rabi'a ta fito tana ji kamar ta haɗa kawunansu ta gwara. A tsakar gida Jatau ya gama kwaɓi, yana jiƙa bulo.

Ta tsaya a rana tana kallon ƙofar Inna, can sai ta juya da sauri ta koma wurin Tahir.

"Yaya Tahir, rutar nan nake so ka ba Inna. Kyauta, a gaban mutane."

"Ni dai kullum ni ne mai bari. Tun muna yara."

"Ban ce ka ba shi ba. Uwarka na ce. Ko ita ma ba za ka iya ba?"

Ya harare ta, ya yi ƙwafa, ya ce bakinta bai canza ba tun tana yarinya. Amma ya zare wayoyin. Ya ɗauko rutar da hannu biyu, ya tsallake igiyar magini, ya durƙusa a ƙofar Inna ya ce ga wannan, ya ba ta duniya da lahira. Inna ta karɓa tana jujjuya ta, ba ta san gabanta da bayanta ba, ta sa masa albarka. Matan gida da ke leƙe duk sun shaida.

Rabi'a ta koma wa Awalu. "Yanzu ta Inna ce. Za ka sha daga hannun Inna, ko ita ma a bayanka take?"

"Ramin farko nawa ne," ya ce.

"Naka ne."

Sai aiki. Ta ɗaure gyale a ƙugu, ta ari tsanin Jatau, ta hau. Ta ciro modem daga zaure, ta ƙara wa kebul ɗin kamfani tsawo, ta bi da shi ƙarƙashin indararo har tagar Inna. Rana na dukan ta, ƙusa ta soke ta a yatsa, ta tsotse jinin ta ci gaba. Kan waya na farko da ta matse bai kama ba, ta yanke ta sake jera siraran wayoyin launi-launi. Ta jona modem a ramin ruta mai launin shuɗi wanda ke ware shi kaɗai. Ramin farko ta ja waya zuwa suwic ɗin Awalu, na biyu zuwa kwamfutar Tahir. Ta kashe komai, ta kunna modem tukuna, ta jira fitilunsa suka tsaya cak, sannan ta kunna ruta.

Kafin la'asar ta yi sanyi, muryar Awalu ta taso daga sashensa yana gaisawa da mai saye da Faransanci. Daga ɗaya gefen kuma Tahir ya leƙo ya ɗaga mata hannu. Duka biyun a lokaci guda, abin da ba a gani ba tun shigowar intanet gidan. Daɗi ya kama Rabi'a har ta ji gajiyar ta zube. Ta je ƙofar Awalu ta jira ya ɗan sarara.

"Yaya, sai a sallami magini ko?"

"Aikinki ya yi kyau, Allah ya yi albarka," ya ce. "Amma magana ta riga ta fita. Unguwa duk ta ga bulo. In na fasa, a ce me?"

Tahir da ya jiyo daga nesa ya ce shi ma ai bai roƙi kowa a fasa ba. Kowa ya koma ɗakinsa. Jatau ya kalli Rabi'a da tausayi, ya ɗebo siminti, ya dasa bulon farko a bakin zaure.

Ta shiga ɗakin Inna ta zube a tabarma. Wannan karon ba ta haɗiye ba, kuka ta yi sosai, kukan haushi. Ta gyara abin da ya lalace, ashe ba shi ne ya lalace ba. A waje ana jin ƙarar cokalin magini, ƙwas, ƙwas, layin yana matsowa.

Inna ba ta rarrashe ta ba. Tana zaune a bakin gado tana kallon 'yan fitilun da ke ƙyaftawa a kan tagarta.

"Rabi, wannan abin nawa ne da gaske?"

"Naki ne, Inna."

"Duk su biyun daga nan suke sha?"

"Daga nan."

"Wace igiya ce ransa?"

Rabi'a ta share ido, ta nuna mata baƙar igiyar wutar da ke jone a bango. Tsohuwa ta miƙa hannu ta yi bismilla ta zare ta, ta naɗe, ta tura ƙarƙashin cinyarta, ta gyara zama.

Ba a jima ba sai ga takun takalma daga gabas, ga wani daga yamma. Awalu ne da Tahir, kowa waya a hannu, suka yi karo a ƙofar. Ƙofar ƙarama ce, babu yadda za a yi sai kafaɗa ta gogi kafaɗa. Suka tuɓe takalma suka durƙusa.

Inna ta kau da kai gefen bango, ba ta kalli ko ɗaya ba.

"Rabi, ki gaya wa masu gidan, kayana ne, na kashe. Ƙarar ginin nan tana sa mini ciwon kai. Ran da ta daina, na kunna."

Rabi'a ta maimaita, kalma bayan kalma, ko da yake kowa ya ji. Awalu ya dubi ƙeyar uwarsa. Wayarsa ta yi ƙara a hannunsa, mutumin Cotonou ne, bai ɗauka ba.

"Tahir," ya ce daga ƙarshe, "je ka ce wa Jatau ya wanke kayansa."

"Kai ka kira shi, Yaya."

Awalu ya yi ajiyar zuciya, ya dafa gwiwa ya miƙe. "Tashi mu je."

Suka fita, babba a gaba. Ƙarar cokalin ta tsaya. Rabi'a ta matso da murna ta miƙa hannu za ta ɗauko igiyar wutar, Inna ta buge mata hannu.

"Ke dai akwai gaggawa. Bari in ji sun kwashe bulon da aka dasa tukuna."