Kankanar Usta Girgis

Sati uku Nuhad tana neman abin da ke cinye mata sanyi. Na'urar bincikenta tana kan rufin sashen injiniya a Aswan: rana ta dafa ruwa, zafin ya kori tururi daga ruwan gishiri, can ƙarshe ruwan sanyi ya taru a tanki. Da safe lambobi kan fito tsaf. Da an yi azahar sai sanyin ya ragu.

Farfesa Shauki, mai duba aikinta, ya ce akwatin musayar zafi ne ya yi datti. Sau biyu tana kwance shi, faranti arba'in, tana gogewa har yatsunta suka saɓule. Usta Girgis, tsohon makanikin sashen, shi ke miƙo mata sifana yana yi mata sannu.

Ran Talata ta fasa sauka cin abinci, ta laɓe bayan tankin ruwan zafi. Sai ga Usta rungume da kankana kamar jariri. Ya ɗaga murfin tankin sanyi ya zura ta. Da la'asar Farfesa da kansa ya hauro da wuƙa da cuku a takarda, suka zauna a inuwa suka yi wa kankanar kaca-kaca.

Daga ranar Nuhad ta sa ido, don kullum sai an kawo sabuwa. Kullum Usta ya juya baya sai ta ciro kankanar, ta ɗora a sikeli, ta auna zafinta, ta mayar. Kwana goma.

Ranar taron sashe, gaban malamai sha biyu, ta nuna cewa akwatin lafiyarsa lau. Sannan ta haska hoton kankana mai kilo tara, ta yi godiya ta musamman ga Farfesa, wanda a cewarta bai taɓa fashin zuwa duba samfurin da bakinsa ba.

Ɗakin ya ɗauki dariya. Farfesa ya cire tabarau yana ta gogewa.

"'Yata," in ji Usta daga kujerar baya, "a minti nawa take yin sanyi?"

"Casa'in, Baba Girgis."

"Ka ji ko, Farfesa? Ka sa muna jiran awa uku a banza."

Farfesa ya ce a cire hoton kafin a tura takardar binciken. Nuhad ta amince, da sharaɗin in akwatin ya sake buƙatar wanki, shi da Usta za su yi.