Kwanon da Ya Daina Riƙe Ɗumi

Tun da aka binne Fakhriyya, mijinta Abu Nizar bai zubar da hawaye ko ɗigo ba. Masu zuwa gaisuwa sai yaba haƙurinsa suke yi, shi kuwa ya san ba haƙuri ba ne. Babu komai ne a ciki, wayam. Yana ci, yana salla, yana amsa gaisuwa. Abin da ke damunsa, in ma damuwa ce, shi ne ko dama can bai taɓa son matar nan ba, zama kawai suka yi.

Ya bar gemu kamar kowane mai makoki a Mosul. Da aka yi sadakar arba'in, yayan marigayiyar ya ja shi wurin mai aski, aka kwashe gemun, aka sa shi ya cire baƙar riga. Shi ke nan, wai makoki ya ƙare.

Da gashi ya sake tsirowa sai ya tashi yin askinsa da kansa. Sanyi ake yi irin na bakin kogin Dijla, mai shiga ƙashi. A da, in ya dawo daga sallar asuba, yakan tarar da kwanonsa na tangaram a gaban madubi, Fakhriyya ta zuba ruwan ɗumi ta jiƙa buroshi. To, zuba ruwa wani aiki ne? Ya zuba da kansa, ya kaɗa sabulu. Da ya shafa a fuska, kai! Ƙanƙara. Kwanon nan fa abin alfaharinsa ne. Shekara da shekaru yana tuƙin bas, babu abokin aikin da bai cika wa kunne ba, wai kwanonsa daban ne, kumfa ba ta hucewa a cikinsa. Ya juya shi bai ga tsaga ba. Ya ce tsufa ne, ya jefa shi a aljihun kwat ya nufi kasuwa.

Hajji Mudaffar, mai sayar da kwanuka, tsohon sani ne, kuma bakinsa ba ya hutawa.

"Abu Nizar! Allah ya jiƙan Ummu Nizar. Fuska fes kamar ango, amma wane mugu ne ya sassare maka haɓa haka?"

"Ni ne. Kwanon aski nake so, Hajji, mai araha."

"Ka zo gidansa. Na roba dai ko kyauta ba zan ba ka ba, atishawa ma ture shi take yi. Na silba kuwa halin surukina gare shi, nan da nan ya ɗau zafi, nan da nan ya huce." Ya zaro wani kasko daga ƙasan tebur. "Ga naka. Ka ga zanen nan na ciki? Shi ke tada kumfa. Bakinsa ya ɗan karkace wurin gasa shi a wuta, shi ya sa bai fi kuɗin shayi ba."

Abu Nizar ya karɓa ya duba. Bai ji yana so ba, bai ji ba ya so ba.

"Yana riƙe ɗumi?"

"In ka ɗumama shi mana."

"A'a. Irin wannan nake nufi." Ya fito da nasa. "Ruwa kawai ake zuba masa, har ka gama aski bai huce ba."

Hajji ya kwashe da dariya har hularsa ta zame. "Haba, ɗan'uwa! Wannan ai kwanon miyar waken adas ne. Ni na sayar wa Ummu Nizar, ga irinsa can jibge." Ya kifa shi, ya nuna gindin da ya yi baƙi-baƙi. "Duba nan. Wannan a kan murhu ya yi rayuwarsa. Babu kwanon da ke ɗumi don kansa a sanyin nan, sai wani ya riga ka tashi ya..."

Sai ya haɗiye sauran. Ya miƙa masa kwanon da hannu biyu, ya ce Allah ya ƙara haƙuri. Abu Nizar ya ce amin. Bai sayi komai ba, ya juya.

A gida ya shiga ɗaki bai ko cire kwat ba. Murhun kananzir yana nan a kusurwa inda ta saba zama, da butar shayi a kai. Kullum yana wucewa ta gabansa. Yau ya tsuguna ya duba. A gefen butar, kan murfin ƙarfen, akwai wata da'ira inda fenti ya cinye.

Ya ɗora kwanon. Kwanon ya zauna daram a kan da'irar.

Ya kunna murhun ya jira. Ashe ba nan da nan yake ɗaukar zafi ba, tangaram mai kauri sai an yi haƙuri da shi. Ke nan kullum yana fita masallaci take barin bargo, da ciwon gwiwarta da komai. Kuma tana zaune a nan yake cika baki da kwanon a gaban baƙi, ita ko sai ta ce, "Gaskiya ne, Abu Nizar, kwanonka babu irinsa."

Ya sauke shi da tafin hannu biyu. Da zafi sosai, har yana ƙuna. Bai ajiye ba.

"Fakhriyya," ya ce, "ai da kin gaya mini."