Zaren Baba Tanimu

Jiya na kwanta da takardar sallamar Baba Tanimu a aljihuna, ban sa mata hannu ba, sai na yi wani mafarki. Baba Tanimu shi ne tsohon maɗinkin da ya rage a ɗan kamfanina na takalma, tun da na bai wa masu sana'a na waje ɗinkin, na riƙe suna da sayarwa.

Na isa kamfanin da rana tsaka, na tarar ginin ba ya ƙasa. Yana can sama yana shawagi kamar shirwa. Ruwa na tsatsowa daga ƙasa yana hawa gajimare, sai na bi shi na hau.

Wani bunsuru mai tabarau ya tarbe ni.

"Sannu da hawowa, maigida. Ni ne manaja."

"Ina kekunan ɗinkinmu?"

"Mun raba wa waɗanda suka fi mu iyawa. Da nauyi ya ragu, sai muka tashi."

Ya buɗe mini taga. Can na hango kunkuraye suna yankan tafin takalmi, ba gaggawa ba kuskure. Shamuwoyi na ɗinka maɗauri da baki. Ana yin ƙafar dama a gabas, ta hagu a yamma, kowace ta tako da kanta, su haɗu a tasha su gaisa. Wallahi ban taɓa ganin tsari mai kyau irin wannan ba. Har ƙwalla na yi.

Sai ga wata mata ta hawo da tsani, takalmi a hannu, maɗaurinsa ya tsinke.

"Malam Sallau, sunanka ne a jiki ko ba naka ba?"

"Nawa ne, Hajiya, amma shamuwa ce ta ɗinka."

"Ni ban san wata shamuwa ba. Gyara mini."

Na ce bari in ɗauki allura, sai na ga ba ni da hannaye.

"Mun ba da su aiki a Funtuwa," in ji bunsurun. "Ana yaba su ƙwarai."

Matar ta yi tsaki, ta jefa takalmin ta taga. Na leƙa. Ashe wani siririn zare ne ke riƙe da ginin gaba ɗaya, ƙarshensa a ɗaure a babban yatsan Baba Tanimu, yana zaune a ƙasa kan buzunsa. Ya cafe takalmin, ya ɗinke, ya cillo mata. Sannan ya koma kan aikinsa: duk takalmin da ya iso daga waje sai ya lanƙwasa shi ya shinshina. In ya tarar da kwali a ciki sai ya ce masa, "Koma gidanku." Takalmin ya juya a kunyace.

"Shi me ya sa ba ku ba da shi ba?" na tambaya.

Bunsurun ya cire tabarau. "Haba maigida. In ya tafi, wa zai gane an cuce mu?"

Ya zaro takardar daga aljihuna ya fara ci. Na ce ya bari, ya ce ba gishiri amma za ta ciyu.

Ƙwanƙwasar guduma ta farkar da ni. Baba Tanimu ne a shagon da ke jikin ɗakina, ya riga kowa fitowa kamar kullum. Na duba hannayena, suna nan. Takardar ma tana nan. Na fita na miƙa wa akuyar maƙwabta.