Kunnen Muttaka

"Na zuba duka," in ji Muttaka. Ya ture ɗan tulin waken da ke gabansa zuwa tsakiyar tebur, sai hannunsa na hagu ya tashi da kansa ya kama kunne.

Falon ya kaure da dariya, Ashafa, abokin karatun mai gidan, har da buga cinya.

Ya ce, "Kai yaro, Allah ya shirye ka! Ba sai mun ga katinka ba, kunnenka ya riga ya kai ƙararka. Babu komai a hannunka sai burga."

Haka Asabar take a gidan Abdulbaƙi da ke unguwar Setapak, can ƙasar waje, shekarar da ƙanensa Muttaka ya iso karatu. Ana idar da la'asar, ruwan sama na dukan taga, sai a fito da karta da gwangwanin farin wake a zauna wasan foka. Waken daga Kano Umma, mahaifiyarsu, ta aiko wa Zuhra, matar Abdulbaƙi, don ta riƙa yin alale, maza suka ƙwace shi suka mai da shi dukiyar wasa. Kwabo ba ya hawa teburin, shi ya sa duk wanda ya ce caca ce sai su taso masa. Wanda wakensa ya fara ƙarewa shi zai wanke kwanuka, ya sauka mamak, shagon abincin da ke ƙasa, ya yi wa kowa tapau, wato ya ƙunso gurasar roti da shayi. Kusan kullum Muttaka ne.

Ashafa kuwa, wanda bai taɓa ci ba amma ya naɗa kansa malamin wasan, bakinsa ba ya hutawa.

"In kati mai kyau ya zo maka, ka tuno fuskar sufabaizanka, nan take annurinka zai ɗauke. In mummuna ne, ka tuno tuwon gidanku."

"To kai me kake tunowa da kullum ake cinye ka?" in ji Zuhra daga kicin.

"Ni sadaka nake yi, Hajiya. Boleh lah!" Wato ba laifi, da yaren mutanen garin.

Ranar, da Muttaka ya tsaya gaban kwanuka yana ƙunƙuni, tausayi ya kama Abdulbaƙi. Ya bi shi kicin, ya kama hannayensa biyu masu kumfa ya dafa su kan kanta.

"Ka ga, haka za ka ajiye su. Ka danne babban yatsa da ɗan'uwansa. Ka kalli mutum cikin ido, ka ja numfashi, sannan ka yi magana. Kunnen nan ka manta kana da shi."

"Yaya, ai tun ina ƙarami nake fama. Umma da shi take kama ni in na sha mata madara."

"To nan ba gaban Umma ba ne. Gwada mu gani."

Suka yi ta gwadawa suna dariya har ruwa ya cika wurin wankin ya zubo ƙasa. Wata bai zagayo ba Muttaka ya kwashe waken kowa, Ashafa ya sauka mamak cikin ruwa yana rantsuwa an yi masa asiri. Abdulbaƙi ya ji daɗi a ransa sosai, har yana bugun ƙirji shi ya horar da yaron.

* * *

Teburin ya watse a hankali. Ashafa ya gama ya koma gida, aiki ya sha kan Abdulbaƙi a jami'arsu da ke titin Jalan Semarak, Muttaka ya kama ɗaki da abokai. In ya zo gaisuwa, idonsa na kan waya. Abdulbaƙi ya taɓa hango koren tebur da katuna a fuskar wayar, ya tambaye shi.

"Na wasa ne, Yaya, ba na kuɗi ba," in ji Muttaka, yana kallonsa cikin ido. Abdulbaƙi ya yarda.

Bana ne ya kamata Muttaka ya gama. Umma ta yi fasfo, ta ɗinka leshi, ta gaya wa duk unguwa za ta hau jirgi ta ga autanta cikin rigar digiri. Don haka Abdulbaƙi ya biya ta kwalejin ƙanen nasa ya tambayi ranar bikin, saboda a sayi tikiti da wuri. Matar da ke ofis ta duba kwamfuta, ta sake dubawa, sannan ta ce da shi cikin ladabi an cire sunan Muttaka tun bara. Ba ya zuwa aji, ba a kuma biya kuɗin makaranta ba.

A tashar jirgin ƙasa Abdulbaƙi ya zauna, jirage suna zuwa suna wucewa bai shiga ba. Shi dai ya san Umma ba ta taɓa fashin turo kuɗin ba, ya kuma san gonar da ta sayar.

* * *

Ya kira ƙanen nasa gida ranar Asabar. Muttaka ya zo a rame, ya zauna a tsohuwar kujerarsa. Abdulbaƙi yana neman ta inda zai fara ke nan, wayar Zuhra ta yi ƙara. Umma ce, kiran bidiyo.

"Ah, har da auta! Ku jingina ni in gan shi da kyau."

Zuhra ta jingina wayar da gwangwanin waken, wanda tun watsewar wasan yake kan teburin ba mai taɓawa.

"Auta, wata magana na ji ta hana ni barci. An ce yaranmu a can caca ta waya ta cinye su. Ka dube ni nan. Kana ciki?"

 Abdulbaƙi bai kalli wayar ba, kunnen ƙanensa ya zuba wa ido. A ransa roƙo yake yi: kama shi, don Allah kama shi, ta gani da kanta.

Muttaka ya dafa hannayensa biyu kan tebur. Ya danne babban yatsa da ɗan'uwansa. Ya ja numfashi.

"Ba na ciki, Umma. Karatuna nake yi."

Umma ta matso da fuskarta har ta cika wayar, tana dubawa. Can ta saki ajiyar zuciya, ta yi dariya.

"Alhamdu lillahi. Babba, ka gani ko? Ni na haifi abina. Yaron nan bai iya ƙarya ba, da yanzu hannu ya tafi kunne. To yaushe za ku turo mini tikitin?"

Ba wanda ya amsa. Ta ɗauka layi ne ya tsaya, ta shiga kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya.  Hannayen Muttaka suna nan kan tebur, daidai yadda Abdulbaƙi ya ajiye masa su a kicin, ko rawa ba sa yi.