Kwalbar da Alu Tela Ya Cika

A bakin butikin Alhaji Shu'aibu da ke Zongo aka ƙulla cinikin, bayan la'asar. Alu tela ya daɗe yana kwaɗayin inuwar rumfar Alhaji, don rana ta hana shi sakat inda yake kafa keken ɗinkinsa. Shi kuwa Alhaji abin da yake so bai taka kara ya karya ba: Alu ya cika masa 'yar kwalbar asibiti da fitsarinsa, shi kuma ya bar masa gefen rumfa.

Ga yadda abin ya taso. Alhaji yana da tansiyo, wato hawan jini, kowa ya sani. Ɗiyarsa Farida ta kai shi wurin wata likita mai duba ƙoda, aka ce ya kawo fitsari a auna. Farida ta kuma yanke masa magana a gaban uwarta cewa in aka ga ciwon ya taɓa ƙoda, to ya bar hanyar Kwatano ke nan, ƙanenta Anas ya riƙa sayo kaya. Alhaji kuwa tun yana saurayi yake bin hanyar nan, bai ga abin da zai zaunar da shi gida kamar tsohuwa ba. Ya duba Alu, ƙato, ƙafa ba ta gajiya da taka keke, ya ce ga lafiyayye.

Alu Bazabarme ne, Alhaji Bagobiri, taubasai ke nan, ba su taɓa yin magana biyu ba tare da zagi na wasa ba. Da Alu ya miƙo kwalbar ya ce, "Riƙe da hannu biyu, bawana. Fitsarin ubangijinka ne."

Ranar da sakamako ya fito, likita ta zaunar da Alhaji da Farida ta yi bayani a hankali. Ta ce ƙoda na fitar da wani abu mai tayar da jini, tun yana ɗanye ana kiransa furorenin, kuma akwai wurin da ke cafke shi a jikin naman ƙoda ya tashe shi aiki. In abin ya yi yawa, ƙoda na yin tabo a ɓoye, mutum yana yawonsa bai ji komai ba. Har yanzu masana na bincike a kai, in ji ta, amma wannan fitsari ba ya bukatar dogon bincike: ƙodar mai shi ta fara yoyo, kuma ba jiya ta fara ba.

Farida ta sunkuyar da kai tana share ido. Alhaji ya buɗe baki, ya dubi ɗiyarsa, ya rufe. Yaya mutum mai furfura zai ce wa 'yar cikinsa ya kawo fitsarin aro?

Aka ɗora shi kan magani, aka hana shi gishiri da kilishi, aka karɓe hanyar Kwatano. Ya dawo ya zauna a butiki, Alu na gefensa cikin inuwa yana ɗinki yana waƙa.

Kada a ce Alhaji bai faɗa wa Alu ba. Ya faɗa. Wata safiya ya ce, "Kai Bazabarme, kwalbar nan taka ce ta lalace. Ƙodarka ta ruɓe, ka je asibiti."

Alu ya yi dariya har ya tsayar da keke. Ya ce Bagobiri ya sha kaye yana neman abokin kuka, ya kira masu shaguna na kusa su zo su ji, kowa ya dara. Alhaji ma ya dara. Nan ne wurin da ya kamata ya ja shi bayan butiki, ya cire wasa, ya rantse masa da Allah. Amma in Alu ya je wurin likitar nan zance zai kai kunnen Farida. Sai ya ce wa zuciyarsa ai ya sauke nauyi, wanda bai ji ba shi ya so.

Maganin kuwa ya karɓi Alhaji, tunda dama jininsa na bukatarsa. Ciwon kai ya bar shi, barci ya dawo, har likita na mamakin yadda ƙodarsa ta gyaru da aka sake awo da fitsarin kansa.

Damina ta biyu ƙafafun Alu suka kumbura, takalmi ya ƙi shiga. Kafin a ankara ya kwanta, aka ce sai wankin ƙoda. Alhaji ya je gaishe shi a gidansa na Talaje, ya tarar da ƙaton nan ya zama kamar an zare masa ƙashi, matarsa Zuwera na yi masa fifita. Da ta fita, Alu ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Ashe ranar nan ba wasa kake ba, Alhaji."

Bai taɓa kiransa Alhaji ba sai ran nan. Alhaji ya yi ta murza tasbaha.

In aka zauna lissafin cinikin, Anas ya samu hanya, Farida ta samu uba mai lafiya, Alhaji ya samu shekarun da bai nema ba, ya rasa wanda zai zage shi ya ji daɗi. Alu ne ya ba da abin da ake zubarwa a bayan gida, kuma shi ne ya faɗi.